Bindiga Ba Ta Tsufa, Baki Take Sauyawa: Tarihin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin A Ce Kowa Ya Nemi Tasa

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Tun da ɓarayin daji suka fara tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono a ƙarshen 2025, zance ɗaya ake yi a majalisu daga Bichi har Dambatta: kowa ya nemi bindiga. A cikin wannan zancen ne matasanmu ke ta tura wa juna wani irin bidiyo na Amurkawa. Mutum zai ɗauki ƙaramar bindiga, ya zare murfin samanta mai zamewa, ya cire bututun ya sa wani, kafin ka ƙifta ido bindigar da ke cin wani harsashi ta koma cin wani daban. Sai ka ji ana cewa, "Ai wannan ko maƙeranmu za su iya."

Ni ba maƙeri ba ne, ba kuma soja ba. Mai son karatun tarihi ne kawai, ɗan manoma, wanda ke kwana a inda ake wannan fargaba. Abin da karatun ya nuna mini shi ne dabarar sauya wa bindiga baki ta girmi bidiyon nan da fiye da shekara 150, kuma ta taka rawa a yadda aka ci ƙasar Kano. Ƙarfen bindiga yana daɗewa, yakan binne masu shi uku ko huɗu. Abin da ke sauyawa shi ne bakinta, kuma duk wanda ke riƙe da harsashin da bakin ke ci, shi ke riƙe da mai bindigar.

ABIN DA BIDIYON BAI FAƊA BA

Kowace bindiga tana da awonta, wato faɗin ramin bututunta da tsawon kwanson da aka yi ɗakinsa dominsa. Shi ne lambobin da kuke ji, 9mm, .303, 7.62. Kamfanoni sun daɗe suna ƙera ƙananan bindigogi masu karɓar awo fiye da ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fito da HK4, wadda ake sayarwa da bututu huɗu. A 2017 sojan Amurka ya zaɓi ƙirar P320 ta kamfanin SIG Sauer, wadda kusan komai nata ana iya cirewa a sauya.

Dalilin da ya sa abin ya zama wasa a Amurka shi ne dokarsu. A wurinsu gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita ce bindiga a idon hukuma, bututu da murfi kuwa kayan gyara ne. A Turai ba haka ba ne, shi kansa bututun sai da izini. Sannan duk abin da kuke gani a bidiyon ƙirar masana'anta ce, an auna ƙarfen, an gwada shi da matsin da ya fi wanda zai ɗauka. Ko a can ma, da aka yi ganganci an ga sakamako. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan kasuwa sun kwashi tsofaffin libarba na sojan Ingila ƙirar Webley, suka gyara su don su ci harsashin Amurka mai awon .45, wanda ya fi ƙarfin abin da aka ƙera su dominsa. Har yau masana na gargaɗi a kansu saboda wasu sun tarwatse a hannun masu su.

To mu dawo gida.

YADDA TA ZO MANA

Sunayen ma kaɗai sun isa su faɗa maka hanyar da ta biyo. Bindiga daga Larabci ne, bunduƙiyya. Albarushi daga albarud. Harsashi daga arrasas, wato dalma. Ta hamada muka fara saninta kafin ta zo ta teku.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani ɗan sarautar Borno da ake kira Dagaci ya zo da bindigogi cikin kayansa, ko da yake masana da yawa na ganin lokacin ya yi wuri. Abin da ya fi ƙarfi shi ne na Borno a ƙarni na 16, inda Mai Idris Aloma ya samu Turkawa masu harbi suka horar da bayinsa. A Kano kuwa littafin ya ambaci shigowar bindigogi ta Nupe a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, sannan ya ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ku lura da kalmar nan. A da idan an ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi, masu tafiya gaban dokinsa, irin waɗanda har yau ke buga ta a hawan Sallah. Yau da aka ce 'yan bindiga sai gaban kowa ya faɗi.

Duk da haka bindiga ba ita ke cin yaƙi ba a lokacin. Jihadin 1804 da kwari da baka da takobi da doki aka yi shi. A 1826 Bature Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobirawa, ya ƙiyasta mayaƙa dubu hamsin zuwa sittin, amma da ya ƙirga bindigogi sai ya samu 41 a hannun Kanawa, guda ɗaya a hannun Zazzagawa. Me ya sa? Domin bindigar lokacin ta baki ake ɗura ta. Ka zuba albarushi, ka danna, ka sa dalma, ka gyara ƙanƙarar da ke ƙyasta wuta. Kafin ka gama maharbin kibiya ya sako maka biyar. Sunan harba-ka-ruga ba a banza aka sa shi ba.

Amma tana da wata falala guda: ba ta zaɓen abinci. Ramin bututunta sumul yake, duk abin da ya shiga za ta tofar, dalma ce, guntun ƙarfe ne, tsakuwa ce. Maharban giwa har ɗan mashi suke zura mata a baki su harba, shi ne sango, sunan da ya zama laƙabin Sarkin Kano Alu Maisango. Kuma duk abin da ya lalace a jikinta maƙerin gari zai gyara. Mai irin wannan bindiga ba ya jiran jirgin ruwa ya kawo masa harsashi.

Damagaram ce ta fi kowa gane wannan a maƙwabtanmu. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zubin igwa a cikin Zinder. Da wannan ƙarfin ne Amadu Kuran Daga ya taso wa Kano a ƙarshen shekarun 1890, bayan Basasa ta gama raunana ta. An gwabza a Gezawa, an gwabza a Tattarawa, nan cikin ƙasar Dawakin Tofa. Gonakin da muke bi ta cikinsu a mota a hanyar Kazaure sun sha hayaƙin albarushi. Birnin dai bai ciwu ba, amma kakanninmu na karkara su suka ɗanɗana kuɗarsu, don a kansu rundunonin suka bi.

LOKACIN DA TURAWA SUKA SAUYA BAKI

A daidai shekarun da Tanimun ke zubin igwa, wani abu na faruwa a Turai. An ƙirƙiro harsashi mai kwanson tagulla, wanda ya haɗa dalma da albarushi da abin tashin wuta wuri guda, ana sa shi ta baya. Gwamnatoci suka ga suna da dubban ɗaruruwan tsofaffin bindigogi masu ɗuri ta baki. A zubar? Ina! A 1866 Ingila ta karɓi dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider, aka riƙa yanke gindin bututun tsohuwar Enfield ta 1853 ana sa mata ƙofa. Kuɗin gyaran kowace ɗaya kusan fam guda. Sojan da ke harbi uku a minti ya koma yana yin goma. Faransa ma ta yi haka, ta mayar da Chassepot ta 1866 ta zama Gras a 1874. Daga 1895 kuma Ingila ta riƙa cire bututun Martini-Henry tana sa sabo mai awon .303, sunan ya koma Martini-Enfield.

Wannan gyare-gyaren su aka yo mana da su. Dakarun kamfanin Royal Niger da suka ci Bida da Ilorin a 1897 Snider suke riƙe da ita. Rundunar da Lugard ya kafa a shekarar, wadda yawancin kuratanta Hausawa da Yarabawa ne, Martini-Enfield ta zama bindigarta ta yau da kullum a farkon ƙarni. Tsofaffin ƙarafa ne da aka yi wa sabon baki, amma bayansu akwai masana'antar da ke zubo harsashi iri ɗaya, akwati bayan akwati.

Sannan suka rufe ƙofa. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, da sunan hana cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga ta zamani da harsashinta. Abin da aka bari a sayar mana shi ne mai ƙanƙara, mai sumul ɗin ciki, da albarushin kasuwa. Wato an zaɓa mana awon da za mu tsaya a kai. Sarakunanmu suka koma sayen na fasa-ƙwauri, wannan ta Tarabulus, waccan ta Lokoja, wata daga sojan da ya gudu, wata daga ragowar rundunar Rabe bayan an kashe shi a 1900. Kowace da irin abincinta.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da sojoji baƙar fata ɗari bakwai da 'yan kai, igwa huɗu da Maxim huɗu, Sarki Alu kuwa yana hanyar Sakkwato da yawancin dawakinsa. A yini guda aka gama. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin rahoton Lugard shi ne abin da suka tarar a ma'ajiyar makaman gidan sarki: albarushi mai yawa da harsasai na kowane irin awo da za ka iya tunani. Ya ce sun lalata harsashi wajen 20,000 da bindigogi 350. Ku tsaya ku yi tunani. Makamai akwai. Amma a tsakiyar yaƙi, wanda nasa ya ƙare ba zai iya miƙa hannu ya karɓa wurin na kusa da shi ba, don bakin bindigoginsu ba ɗaya ba ne. Abokan gaba kuwa duk wanda ya buɗe akwati ya samu abin da ya dace da tasa.

Satiru ta ƙara tabbatar da haka. A Fabrairun 1906 talakawa da gatura da fartanya suka tarwatsa rundunar Turawa kusa da Sakkwato, har suka ƙwace Maxim. Ba ta amfane su da komai ba. Cikin wata guda aka dawo aka shafe garin.

MAƘERI DA DOKA

Bayan an ci ƙasa, Turawa suka bar wa talaka harba-ka-ruga don farauta da korar birai da gyado daga gona. A nan ne maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, suka nuna gwaninta. Na taso na tarar da irin waɗannan bindigogi a hannun tsofaffin maharban garinmu. Za ka ga guda ɗaya an sauya mata kota sau biyu, an ɗaure tsagewarta da fata, an cire mata ƙanƙara an mayar da ita mai ɗan ƙoƙon tagulla da kunama ke sara. Mai ita zai ce maka ta kakansa ce, alhali da wuya in akwai abin da ya rage na kakan ban da bututun. Kuma kusan kowane gari akwai maharbin da ba shi da yatsu biyu ko uku, don wata rana ƙarfen ya gaji ya fashe. Su da kansu suna faɗa maka bindiga ba ta san mai ita ba.

Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, a kan wannan tarihin aka gina ta. Ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin su adaka, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. Na farauta na zamani sai Sufeto Janar. Kashi na uku kuwa haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan dokar ta kira awo da sunansa: 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Ƙananan bindigogi duka, libarba ce ko wacce iri, suna cikin wannan kashin. Ƙira da gyara ma ba a yinsu sai da izini. Saboda haka saurayin da ke kallon bidiyon can ya sani, abin da Ba'amurke ke yi a kan teburinsa yana dariya, a nan gidan yari ne, ga mai bindigar da maƙerin da ya taɓa ta.

Wani abin sha'awa, ita kanta gwamnatin Najeriya da bindigar da aka sauya wa baki ta fara. Da aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, cikin abin da ta fara haɗawa akwai BM59 ta kamfanin Beretta na Italiya. Ita kuwa BM59 ba komai ba ce illa Garand ta sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu da aka sake wa fasali don ta ci harsashin NATO. Da Yaƙin Basasa ya zo, 1967 zuwa 1970, Tarayyar Sobiyet ta kawo AK-47. Daga nan ƙasar ta samu 7.62 iri biyu, faɗi kusan ɗaya amma tsawon kwanso daban, na AK milimita 39, na NATO 51, kuma ɗaya ba ya shiga ɗakin ɗaya. Dattawa kuma za su tuna Mak-fo ta 'yan sandan da, mai cin .303. Kowane awo da ka gani a ƙasar nan, akwai wata ƙasa da wata yarjejeniya a bayansa.

INA MUKE YAU

Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai sun watsu a Sahel, wannan kowa ya sani. Amma ba duka daga Libiya suke ba. A Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makamai 148 da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara. Wajen kashi ɗaya cikin uku ƙirar gida ne. Sauran kuwa wasu sun biyo ta hamada, wasu ta teku daga Turkiyya, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya da na maƙwabta suka fito. A 2017 kaɗai kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disambar 2018 akwai bindigogin 'yan sanda 178,459 da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne.

Akwai kuma sabon salo da ya fi kusa da abin da ke cikin bidiyon: ƙananan bindigogin ƙara, waɗanda aka ƙera don su yi tsawa kawai ba tare da fitar da dalma ba, ana shigo da su da araha ana mayar da su masu kisa. Turai ta sha fama da wannan, har ta tsaurara dokarta a 2017 bayan hare-haren Paris na 2015. Ƙarfen irin waɗannan ba a yi shi don ɗaukar matsin harsashi na gaske ba. Mai riƙe da ita yana caca ne da hannunsa da idonsa.

Ga inda tarihin ya dawo. Maƙerin yau da ke ƙirar gida ba ya yin harsashi. Yana auna bututunsa ne a kan harsashin da ake samu a kasuwar bayan fage, ko jan kwanso na farauta ko na AK. Harba-ka-ruga ta kakanninmu ba ta dogara da kowa ba, amma wadda ake ƙerawa yau baiwar mai sayar da harsashi ce. Shi kuwa mai sayarwar ba ya tambayar wa zai harba. Wanda ya sayar wa ɗan sa-kai da safe shi zai sayar wa ɓarawon daji da yamma, kuma ɓarawon ya fi kuɗi, don da kuɗin fansarmu yake saye. Shi ya sa kuke yawan jin an kama mata da yara da harsasai cikin buhun hatsi ko jarkar manja a hanyoyin Zamfara da Katsina. Bindigar tana daji shekara da shekaru, abincinta ne dole a kai mata kullum.

ME YA SA NAMU YA BAMBANTA

A 2021 Gwamna Masari ya ce mutanen Katsina su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi izinin riƙe bindiga. Ban ga laifin wanda aka kashe wa ɗa ko aka ɗauke wa mata ba idan ya ce zai nemi abin kare gidansa. Wanda bai kwana a gona don tsoron gida ba, kada ya yi saurin yi wa wani wa'azi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, bayan waɗannan shekarun, wutar ta mutu a can ko ƙaruwa ta yi?

Sannan ƙasarmu ba irin tasu ba ce. Mu ba mu da Rugu. Tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore ke zuwa nazarin karkarar Kano saboda yadda mutane suka cika ta, kowane taƙi ana nomawa shekara da shekaru da taki da tokar gida, babu saura. Ka tsaya a gonarka ka yi kira, na gona ta uku zai amsa. Wannan cikar ita ce katangarmu, domin baƙo ba ya wucewa ba a gan shi ba. Amma ita ce kuma ke sa harsashi ya fi haɗari a nan. Adaka da wuya ta yi tasiri bayan taku ɗari. Harsashin AK kuwa yana iya tafiya fiye da kilomita biyu kafin ya faɗi. A ƙasar Makoda ko Minjibir, ka auna kilomita biyu ta kowace fuska ka ƙirga gidaje nawa, rijiya nawa, makarantar allo nawa ke ciki. Dannin kara ba ya tare shi, katangar ƙasa ma ba kullum ba.

Kuma mu mutane ne masu rigimar iyakar gona, da ta gado, da ta burtali, da ta siyasa. Yau da sanda ake yi, a je gaban mai unguwa ko dagaci a sasanta, a haɗu a masallaci da magariba. Bindigar da aka saya don ɓarawo ba za ta ruɓe ba idan ɓarawon ya tafi. Za ta zauna a ƙarƙashin gado shekara talatin tana jiran ranar da 'yan'uwa za su saɓa a kan kadada ɗaya.

ABIN DA NAKE GANI

Na farko, a bi harsashi. Duk kwanson da aka tsinta bayan hari yana da tambari a gindinsa da ke nuna masana'anta, sau da yawa har da shekara. Kada yara su kwashe su yi wasa da su. A tattara, a ɗauki hoto, a miƙa wa hukuma ta hannun dagaci, a kuma ajiye shaidar an miƙa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta wajabta sa wa makamai alama da ajiye bayanansu, kuma tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu a majalisa: harsashin da aka harba a ƙauyenmu daga rumbun wa ya fito, kuma wa aka hukunta?

Na biyu, a jawo maƙera a jiki. Su ne suka riƙe garma da fartanya da lauje a ƙasar nan tun zamanin da ake narkar da tama a gindin Dala. Idan aka mayar da kowane maƙeri abin zargi, masu gaskiya za su yi shiru, marasa gaskiya su koma ɓoye. Muna da sarakunan maƙera a garuruwanmu. A zauna da su, a san waye ke gyaran adakar maharba bisa izini, su kuma su zama ido a kan baƙon da zai zo da wani ƙarfe ya ce a sauya masa baki.

Na uku, idan za a yi tsaron gari, a yi shi da rajista, ƙarƙashin hukuma da masu unguwanni, a san mutum nawa ne, me ke hannun kowa, wa ke ƙirgawa da safe. Darasin 1903 ke nan. Tarin makamai barkatai, kowa da irin nasa, kowa da dillalinsa, bai ceci birni mai ganuwa ba, balle ƙauye mai dannin kara.

Na huɗu, ga ƙannena masu tura bidiyo. Don Allah ku daina zuga juna. Wanda kuke kallo yana da masana'anta a bayansa da doka a gefensa da asibiti a kusa da shi. Kai kuwa in ƙarfe ya fashe maka a hannu cikin dare, ka san nisan da ke tsakaninka da likitan da zai iya ɗinke jijiya.

Wanda ke da labarin da ya ji daga kakanninsa kan yaƙin Tattarawa ko zuwan Damagarawa, ko sunayen bindigogin da da ake kira a garinsu, ya rubuta mana a ƙasa mu ƙaru, domin masu wannan sani suna ta tafiya. Wanda kuma ke ganin akasin abin da na faɗa, bismillah, a yi muhawara cikin mutunci.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba mu damina mai albarka da kwanciyar hankalin cin abin da muka noma. Amin.